Shekarun Aro: Tsokaci a Kan Amanar Mai Horar da Yara 'Yan Wasa

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bi ta Mairi da la'asar sakaliya, wato unguwar nan da ke maƙwabtaka da katangar Jami'ar Maiduguri, ba zai rasa ganin yara sun kafa duwatsu ko takalma a matsayin raga ba, suna ta fafatawa a kan ƙwallo, ƙura na tashi har ta dusashe ganyen dalbejiya. Galibin waɗannan wasanni ba su da shugaba, kiran sallar magariba ne ke tashin su. Amma akwai 'yan filaye inda za a tarar da wani babba a tsaye a gefe, da usur rataye a wuya, yana jera yaran sahu-sahu, yana nuna wa wannan yadda ake tarar ƙwallo da ƙirji, yana tsawata wa wancan saboda rowa. Shi ne yara ke kira Koci. Ba albashi yake karɓa ba, sau da yawa ma daga aljihunsa ake sayen ƙwallo da ruwan leda.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan masu horarwa tsohon ɗalibinmu ne. A cikin watan Disamba na 2024 ya same mu a gida bayan sallar isha'i, da muka gaisa ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce:

“Malam, wata magana ce ta hana ni barci. Akwai wani yaro a hannuna, mahaifinsa ya rasu, daga Bama suka yi gudun hijira. Tun da nake ban taɓa horar da mai ƙafar hagu irin tasa ba. To, an aiko mana cewa wata makarantar koyon ƙwallo za ta tantance yara 'yan ƙasa da shekara 15. Shi kuwa, tsakani da Allah, ya kai 17. Ba shi da takardar haihuwa. Abokan aikina sun ce in kai shi a yi masa takardar rantsuwa, a rubuta 14, in an tambaya a ce ambaliya ta tafi da ta asali, wai kowa ma haka yake yi. Ku da kuka karantar da mu, me kuka gani?”

Muka tambaye shi yadda aka yi ya san shekarun yaron, tun da babu takarda. Sai ya ce, “Mahaifiyarsa ce ta gaya mini, ranar da suka baro Bama da ƙafarsa ya tako, kuma ya riga ya fara famfara.” Garin Bama ya faɗa hannun 'yan Boko Haram ne a watan Satumba na 2014, yaro kuwa yakan fara famfara yana da shekara 6 ko 7. Lissafin bai ɓuya ba.

A daren nan ba mu ba shi amsar da ta gamsar da mu kanmu ba. Wannan maƙala ƙoƙari ne na biyan wancan bashi, kuma tambayar da za ta bi ita ce: shin ya halatta ga mai horarwa ya rage wa yaro shekaru domin ya buɗe masa ƙofar arziki?

Hujjar masu cewa a rage

Rashin adalci ne a yanke hukunci tun ba a saurari mai ƙara ba, saboda haka bari mu fara shimfiɗa hujjar abokan aikin Koci da dukkan ƙarfinta.

Da farko za su ce, shekarar takarda ba ta taɓa zama ma'auni a wurinmu ba. Iyayenmu da abin da ya faru suke ƙirga haihuwa: wane an haife shi shekarar fari, wance shekarar ambaliyar 1994, wane kuma ana saura kwana uku Babbar Salla. Ɗimbin yara a gida aka haife su, ba a taɓa kai sunansu ofishin Hukumar Ƙidaya ba. Waɗanda ma ke da takardu, nawa ne suka tsira da su daga gudun hijira, ko daga ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ranar 10 ga Satumba 2024 ya mamaye unguwanni da dama na Maiduguri? Idan dai ƙiyasi za a yi, in ji su, me zai hana a yi ƙiyasin da zai amfani yaro?

Na biyu za su ce, tseren ma tun asali ba a fara shi daga layi ɗaya ba. Ɗan Turai tun yana shekara 7 yake samun fili mai ciyawa da ƙwararren malami da likita da abinci mai gina jiki. Namu yaron da yunwa ya taso, a kan rairayi ya koyi wasa, ba takalmi. Shekara ukun da za a rage masa, a ganinsu, ramuwa ce kawai ta abin da talauci da yaƙi suka ƙwace masa.

Na uku, wadda ta fi nauyi, ita ce maganar uwa da ƙanne. Idan yaron ya dace, gida guda ne zai fita daga ƙangi. Idan aka hana shi saboda wata ƙa'ida da waɗansu suka rubuta a wata ƙasa mai nisa, wa aka taimaka? Mai horarwar da ya ƙi, za su ce, ya sayi tsarkin sunansa ne da makomar maraya.

Waɗannan maganganu ba na banza ba ne, kuma wanda bai ji sun taɓa shi ba bai san halin da mutanenmu ke ciki ba. Amma kafin mu auna su, yana da kyau mu leƙa wani wasa da ba namu ba, domin mutum ya fi iya hukunci a kan abin da ba ya da ƙungiya a ciki.

Madubi daga nesa

Wasan besbol ba shi da kasuwa a unguwanninmu, ko da yake an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Yadda yake shi ne, mai jifa ya wurgo wata 'yar ƙwallo mai tauri, mai duka ya tare ta da gora, in ya same ta sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Ƙanwarsa ita ce sofbol, wadda ƙwallonta ta fi girma, kuma ta ƙasa ake wurgo ta. 'Yan mata sun fi yin fice a cikinta. A Amurka, a 1939, wani mutum mai suna Carl Stotz ya kafa wa yaran garinsu Williamsport, a jihar Pensilbeniya, wata ƙungiya da aka sa wa suna Little League. Daga 1947 aka fara gasar shekara-shekara a garin, wadda ta bunƙasa har ta zama ta duniya, a 1974 kuma aka shigo da sofbol. Masu horarwa a wannan tsari galibinsu 'yan sa-kai ne, iyaye da maƙwabta, kamar dai Kocinmu na Mairi.

Abin lura shi ne, filin da yaran ke wasa an auna shi ne daidai da jikinsu. Tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 46 ce, alhali a filin manya ta haura ƙafa 60. An rage tazarar ne saboda hannun ɗan shekara 12 bai kai ya yi jifa mai tsanani ba. Ke nan, idan aka tsayar da wanda ya girme su a wannan gajeriyar tazara, ƙwallon za ta iso kafin yaro ya ɗaga gorarsa, in kuma ta kauce ta same shi a jiki, rauni ne.

Haka ya faru a gasar 2001. Wata ƙungiya daga unguwar Bronx ta birnin New York ta zo da mai jifa, Danny Almonte, haifaffen Jamhuriyar Dominikan, wanda jifarsa ke wuce gudun mil 70 a awa. A wasa ɗaya ya fuskanci masu duka 18, babu ko ɗaya da ya kai tashar farko, 16 daga cikinsu ma ya fitar da su ne ba tare da sun iya mayar da ƙwallon cikin fili ba. Ƙungiyarsa ta zo ta uku, jaridu suka yi ta kambama shi. Kwanaki kaɗan bayan gasar aka tabbatar cewa a 1987 aka haife shi, ba 1989 ba kamar yadda takardarsa ta nuna, wato shekarunsa 14. Aka soke dukkan nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa mahaifinsa da shugaban ƙungiyar shiga harkar har abada. Abokan wasansa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka shafe guminsu tare da nasa. Ƙungiyoyin da ya fitar tun daga matakin farko kuwa, babu wanda ya iya mayar musu da shekarar, domin sau ɗaya yaro ke zama ɗan shekara 12. Shi kansa Almonte bai kai ga babbar gasar ƙwararru ta Amurka ba, kuma har ya girma da wannan labari aka fi saninsa.

Labari na biyu ya fi kusa da mu. A 2011 wata ƙungiyar yara daga Yuganda ta yi nasara a wasannin share fage da aka yi a ƙasar Folan, ta cancanci zuwa Williamsport, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba. Sai hukumomin Amurka suka hana su biza saboda saɓanin da aka samu a ranakun haihuwar waɗansu daga cikin yaran, aka tura ƙungiyar Saudiyya a madadinsu. A shekarar da ta biyo, 2012, wata ƙungiya daga garin Lugazi ta Yuganda ta cika sharuɗɗa, ta zama ta farko daga Afirka da ta taka wannan fili. Darasin da ke nan shi ne, a inda ba a kula da rajistar haihuwa ba, zargi kan hau kan mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya, kuma yaran ne ke biyan kuɗin sakacin manya.

Namu tarihin

Idan muka dawo gida, ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Nijeriya ce ta ɗauki kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, ta sake ɗauka a matakin 'yan ƙasa da 17 a 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Wannan abin alfahari ne, kuma shi ya sa kowane yaro ke ganin ƙwallo a matsayin tsani. Amma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar nan na shekara biyu daga gasannin da ke da iyakar shekaru, saboda ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasa da aka gabatar a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa wa waɗanda aka gabatar a baya. Da wannan hukunci muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, aka mayar da ita Fotugal.

A 2009, lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, har aka buga waɗansu wasanni a Kano da Kaduna da Bauci, FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI. Ana ɗaukar hoton wuyan hannu ne a duba guringuntsin da ke ƙarshen ƙashi, wanda kan haɗe ya zama ƙashi idan girma ya kammala. Wanda nasa ya gama haɗewa sai a cire shi. A 2016 'yan wasa 26 ne suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu. Gwajin ba ma'asumi ba ne, domin akwai yaron da ƙashinsa kan haɗe da wuri. Amma ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kan abin da ya kai al'umma ga matsayin da ba a yarda da bakin uba ba, ba a yarda da rantsuwa ba, sai an tambayi ƙashi.

Yaron da ba a gani

Yanzu mu koma ga hujjojin da muka shimfiɗa. Rauninsu guda ne, wato yaro ɗaya kawai suke kallo. A duk lokacin da aka yi irin wannan shawara, yara biyu ne abin ya shafa, amma ɗaya ne ke cikin ɗakin. Shi muke gani, mun san sunansa, mun san hawayen uwarsa. Na biyun shi ne ɗan shekara 14 na gaskiya, wanda zai zo wurin tantancewar, a haɗa shi da wanda ya girme shi da shekara uku, a ture shi, a riga shi gudu, a ce masa bai iya ba, ya koma gida yana zaton laifin ƙafarsa ne. Gurbi a irin wannan makaranta ƙidayayye ne. Duk wanda ya shiga da shekarun aro, a kan kujerar wani ya zauna.

A nan ne hujjar ramuwa ke faɗuwa. Da a ce ɗan Turai mai fili da likita ne za a ture, da maganar ta ɗan yi kama da adalci. Amma wanda za a ture ɗan Gwange ne ko Bulumkutu ko Hausari, wataƙila ma ɗan Mairi ɗin, mai yunwa irin tasa, wanda shi ma yana da uwa da ƙanne. Talaka ne za a zalunta domin a taimaki talaka, bambancin kawai shi ne ɗaya mun san fuskarsa.

Wasanninmu na gargajiya sun san wannan tun kafin zuwan takarda. A dandali, tsara da tsara ake haɗawa. A filin kokawa, idan ƙato ya fito wa wanda bai kai shi ba, 'yan kallo ne za su yi masa ature, in ma ya kayar babu wanda zai yi masa kirari. Unguwa duka ta san wanda aka yi wa kaciya tare da wane, ta san waɗanda aka kai makarantar allo rana ɗaya. Shaidar a idon jama'a take, kunya kuma ita ce alƙali. Da aka ɗauke shaida daga dandali aka mayar da ita ofis, inda mai hatimi bai san yaro ba, sai ƙarya ta yi arha. Saboda haka ba daidai ba ne a ce iyakar shekaru baƙuwar ƙa'ida ce da aka ɗora mana. Takardar ce baƙuwa, amma haɗa yaro da sa'ansa namu ne. Ko a tarihin Musulunci, an ruwaito cewa an mayar da Abdullahi ɗan Umar gida ranar Uhudu yana da shekara 14, aka karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15. Duk inda aka ja irin wannan layi, ƙarami ake karewa.

Saura maganar “kowa ma haka yake yi”. Masanin falsafar nan Bajamushe, Immanuel Kant (1724-1804), ya ba da wani ma'auni mai sauƙi, cewa kafin mutum ya aikata abu ya tambayi kansa ko zai so ya zama doka ga kowa. Mu gwada shi a nan. Idan kowane mai horarwa ya rage shekara uku, to rukunin 'yan ƙasa da 15 ya zama na 'yan 17 ke nan, ɗan 14 na gaskiya kuma ba shi da wurin zuwa, sai ya jira ya kai 17 shi ma ya kira kansa 14. Babu wanda ya ci riba, domin kowa ya matsa da taki ɗaya. Abin da aka yi hasara shi ne shekarun nan uku da jiki ya fi saurin karɓar horo, waɗanda kowane yaro zai ɓata yana jiran layi. Ashe yawan masu yin abin shi ne girman ɓarnarsa.

Yaron da aka taimaka

To, shi wanda aka yi ƙaryar dominsa fa, ya tsira? Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Yaron da ke wasa da ƙannensa da ƙarfi yake cin nasara, saboda haka ba ya jin bukatar koyon dabara. Mai horarwa ma sai nasarar ta rufe masa ido, ya kasa ganin gyaran da ya kamata ya yi. Ranar da waɗancan suka kamo shi a girma, fifikon ya ƙare, dabarar kuma ba a koya ba. Sau nawa muka ga tauraro a rukunin yara, bayan 'yan shekaru a neme shi a rasa?

Bayan wannan akwai nauyin da zai ɗauka a zuci. Ƙarya ɗaya ba ta zama ita kaɗai. Dole ya ɓoye takardar firamare, ya nesanta kansa da abokan ajinsa, wataƙila ƙaninsa ya koma wansa a takarda. Game da yaron Bama kuwa, abin ya fi haka ciwo. Idan shekarunsa 14 a 2024, to ɗan shekara 4 ne ranar gudun, ba mai famfara ba. Wato sai an umarci uwa ta canza abin da ta gani da idonta a rana mafi tsanani a rayuwarta, shi kuma ya musanta tafiyar da ya yi da ƙafarsa. Mutanen da yaƙi ya raba da gida da gona, abin da ya rage musu shi ne labarinsu, kuma shi ne takardar rantsuwar za ta karɓe.

Mafi muhimmanci shi ne abin da yaron zai koya. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya ɗauki yaro a matsayin amana a hannun masu renonsa, mai karɓar duk abin da aka zana masa. Mai horarwa yana cikin masu renon nan, sau da yawa ma maganarsa ta fi ta uba shiga kunne, balle ga wanda ba shi da uba. Shekara da shekaru yana gaya wa yara kada su taɓa ƙwallo da hannu, kada su yi faɗuwar ƙarya, su girmama hukuncin alƙali. Ranar da ya kama hannun yaro ya kai shi a yi rantsuwa a kan abin da su biyun suka san ba haka yake ba, ya goge wancan karatu duka, ya maye gurbinsa da guda ɗaya: doka ta ƙananan abubuwa ce, in babban abu ya zo sai a san yadda za a yi. Wannan darasi zai bi yaron zuwa kasuwa da ofis da gidan aurensa, ko ya zama ɗan ƙwallo ko bai zama ba. Kuma mu tuna, mafi yawan yaran da ke filin ba za su zama ba. Abin da za su tafi da shi daga hannun Koci shi ne hali.

A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, ya lissafa siffofi goma, daga ciki akwai gaskiya da amana da karamci da adalci. Abin da ke wahalar da Kocinmu shi ne yana jin kamar karamci na ja da gaskiya, wato halin kirki biyu ne ke faɗa a zuciyarsa. Amma in aka duba da kyau, karamci kyauta ce daga abin da mutum ya mallaka. Ƙwallon da yake saya da kuɗinsa karamci ne, lokacin da yake bayarwa karamci ne. Gurbin ɗan shekara 14 kuwa ba nasa ba ne, wanda ya yi kyauta daga rumbun maƙwabci kuma ba a kiransa mai karamci.

Tsakanin rashin sani da ƙarya

Wannan ba ya nufin a kori duk yaron da ba shi da takarda. Akwai bambanci mai faɗi tsakanin wanda bai sani ba ya ƙiyasta, da wanda ya sani ya canza. Na farko yana neman gaskiya ne da kayan aikin da yake da su, kuma ko ya kuskure da wata shida babu laifi a kansa. Irin tambayar da Koci ya yi wa mahaifiyar yaron ita ce hanya: yana goye ko yana tafiya, an yaye shi ko ba a yaye ba, da wa aka yi musu kaciya, wace shekara aka sa shi aji ɗaya. Ma'aunin ƙiyasi na gaskiya shi ne, mutum ya yi shi tun bai san wace amsa ce za ta amfane shi ba.

Saboda haka muna ganin wajibi ne kowane mai horarwa ya buɗe littafi, ya rubuta shekarun yaro tun ranar da ya fara zuwa fili, yana ɗan 8 ko 9, lokacin da babu wata riba a ƙarya, da shaidar uwa ko uba da ta Bulaman unguwa. Ya kuma matsa wa iyaye su yi wa ƙananan rajista a Hukumar Ƙidaya tun yanzu. Wanda ya riga ya wuce rukunin yara, a nema masa ƙofar da ba ta tambayar shekaru, wato ƙungiyoyin manya na unguwa da na jiha. Garin da ƙungiyarsa, El-Kanemi Warriors, ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992, ta sake ɗauka a 2024, ba a ce ba shi da hanyar manya ba.

Ba za mu yaudari mai karatu da cewa wannan hanya daidai take da waccan ba. Ta fi tsawo, ta fi ƙunci, kuma mai yiwuwa ne yaron ya bi ta bai kai ko'ina ba, alhali wani da aka rage wa shekaru ya wuce shi. Gaskiya takan ci wa mai ita tara. Abin da muke cewa shi ne, tarar da ƙarya ke ci ta fi yawa, sai dai ana raba ta ne a kan waɗanda ba su san an ci su ba.

Mu kanmu

Kafin mu nuna Koci da yatsa, ya kamata mu da ke cikin jami'o'i mu dubi tafin hannunmu. Dokar yi wa ƙasa hidima ta keɓe wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu gyara ranar haihuwa domin su sa kakin. A aikin gwamnati ana ritaya ne a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki, a jami'a farfesa kan kai 70, kuma kowa ya taɓa jin labarin ma'aikacin da ƙaninsa ya riga shi ritaya. Shi ma wannan a kan kujerar wani yake zaune, wani matashi da ke yawo da takardu yana neman aiki. Yaran Mairi ba su ƙirƙiro shekarun aro ba, a gida suka tarar da su. Malami da mai horarwa sana'arsu ɗaya, kuma ɗalibi ya fi koyon abin da ya ga malaminsa na yi a kan abin da ya ji yana faɗa.

Kammalawa

Bayan makonni muka sake haɗuwa da Koci a bakin filinsa. Ya ce bai yi takardar ba. Yara biyu ya kai wurin tantancewar, waɗanda ya tabbatar da shekarunsu, aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya. Mai ƙafar hagun ya yi fushi, ya ce Koci ba ya ƙaunarsa, mahaifiyarsa ma ta daina amsa gaisuwa da sakin fuska. Ya ɗauke ƙafa kusan wata guda, sa'an nan ya dawo, Koci ya haɗa shi da wata ƙungiyar manya ta unguwa, inda a wasansa na farko aka kayar da shi sau uku, ya gane cewa akwai sauran karatu a gabansa.

“Malam,” in ji Koci, “har yanzu in na gan shi sai in ji kamar na tauye shi.”

Muka ce masa wannan nauyi da yake ji alama ce ta cewa yaron na zuciyarsa, kuma ba mu da maganin da zai sauke masa shi. Amma muka roƙe shi, duk lokacin da abin ya taso masa, ya tuna da ɗayan yaron, wanda aka ɗauka, wanda da an yi takardar wataƙila da yanzu yana gida yana zargin ƙafarsa. Ya gyaɗa kai, ya zaro wani littafi mai bango ja daga jakarsa, ya kira wani ɗan ƙaramin yaro da ya zo ranar, ya tambaye shi sunansa da sunan mahaifinsa, ya ce gobe ya zo da babarsa.